Kun Tambaya, Mun Amsa: Babban Ɗan Kwangila, Aikinsa da Amanar da Ke Wuyansa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun karkata ne ga batu guda, wato kamfanonin da ke karɓar kwangilar gine-ginen kasuwanci ɗungurungum, tun daga haƙa harsashi har zuwa miƙa makulli, irin su rukunin shaguna, ofisoshi, otal-otal, ɗakunan ajiyar kaya, asibitoci da makarantu. Mun zaɓi wasu daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa: Ina shirin gina rukunin shaguna mai hawa uku. Na taɓa gina gidan zamana da kaina, ni na ɗauko magina da kafintoci, ni na sayi kaya, kuma gidan yana nan lafiya lau. Me zai sa yanzu in ɗauki babban ɗan kwangila, in biya shi riba a kan aikin da wasu ne za su yi masa?

Amsa: Alhaji, gaskiya ne cewa yawancin hannayen da za su taɓa ginin nan ba ma'aikatan kamfanin na dindindin ba ne. Babban ɗan kwangila yakan rarraba sassan aiki ga ƙananan 'yan kwangila, kowa da fanninsa: masu haƙa da cike ƙasa, masu ɗaurin rodi, masu zuba kankare, masu walda, masu aikin lantarki, masu aikin famfo, masu rufi, masu sanya gilashi da na'urorin sanyaya ɗaki. Abin da kuke biya shi domin ya yi shi ne ya ɗauki alhakin aikin waɗannan mutane duka a wuyansa, ta yadda in rufi ya yi yoyo ko bango ya tsage, mutum ɗaya za ku kira, shi kuma ba shi da damar ce muku laifin wane ne. Da ku kuka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, mai rufi zai ce kafinta ne bai daidaita katako ba, kafinta ya ce magini ne ya karkatar da bango, ku kuma ku rasa wanda za ku kama.

Ginin kasuwanci ya bambanta da gidan zama ta fuskoki da dama. Jama'a ne za su riƙa cika shi, waɗanda ba ku san su ba kuma ba su da ta cewa a kan yadda aka gina shi. Nauyin da benensa zai ɗauka ya fi na gida, domin ɗan kasuwa yakan jibge kaya har su kusa taɓa silin. Dokokin gini sukan tsananta a kansa game da hanyoyin fita in gobara ta tashi, faɗin matakala, kayan kashe wuta da hanyar shigar masu buƙata ta musamman. Sannan kowane wata da aka yi ba a buɗe shi ba, kuɗin haya ne ya salwanta, ko kuma bashin banki ne ke ƙaruwa.

Babban abin da ya fi wahalar da wanda bai saba ba shi ne jeranta aiki. Mai lantarki dole ya shimfiɗa bututun wayoyinsa bayan an gama ɗaurin rodi, kafin a zuba kankaren bene, kuma tazarar da ke tsakani sau da yawa ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu. In ya makara, ko dai a tsayar da zubin da aka riga aka tanadi kayansa da ma'aikatansa, ko kuma a zuba, daga baya a dawo ana fasa kankare da guduma, abin da ke raunana ginin. Na'urar hawa bene da manyan injunan sanyaya iska sukan ɗauki watanni kafin su iso daga masana'anta, don haka dole a yi odarsu tun ana aikin harsashi. Kamfanin da ya san aikinsa yana da jadawalin da ke nuna ayyukan da in ɗaya daga cikinsu ya makara da kwana guda, ginin baki ɗaya zai makara da kwana guda, da kuma waɗanda ke da sararin jinkiri. Wannan dabara ta lissafin jadawali an samar da ita ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma har gobe da ita ake aiki.

Sana'ar kanta ba ta yau ba ce. A farkon ƙarni na 19, Thomas Cubitt, wani magini a birnin Landan, yana cikin waɗanda suka fara tattara masu sana'o'in gini daban-daban a ƙarƙashin kamfani guda, a lokacin da aka saba mai gini ya ƙulla yarjejeniya da kowane mai sana'a shi kaɗai. Misalin da ke nuna iyakar abin da tsari ke iya yi shi ne benen Empire State da ke New York, mai hawa 102, wanda kamfanin Starrett Brothers and Eken ya gina cikin kimanin kwana 410, aka buɗe shi ranar 1 ga Mayu, 1931. Filin aikin yana tsakiyar birni, babu wurin jibge kaya, saboda haka aka tsara zuwan ƙarafa ta yadda kowane zai iso dab da lokacin da za a ɗaga shi, aka kuma shimfiɗa 'yan ƙananan layukan dogo a cikin ginin domin tura kaya. A wasu ranaku ma'aikata sun haura 3,000. Ginin ku bai kai wannan ba, amma matsalar iri ɗaya ce, kuma shawarata ita ce ku ɗauki kamfani.

Tambaya daga wata shugabar makaranta mai zaman kanta: Kamfanoni uku sun kawo mana farashinsu na gina sabon sashen azuzuwa da ɗakin taro. Biyu sun yi kusa da juna, na uku kuma ya yi ƙasa da su sosai. Kwamitinmu yana son na ukun. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, amma ban san hujjar da zan kawo ba.

Amsa: Hajiya, rashin kwanciyar hankalinku yana da dalili, kuma hujjar tana cikin takardun da ke gabanku. Kada ku tsaya ga jimillar da ke shafin ƙarshe. Ku nemi mai ƙididdigar kayan gini wanda ku kuke biyan sa, ba kamfanonin ba, ya jera takardun ukun ya bi su layi-layi. Idan an ba su zane ɗaya da jerin kaya ɗaya, yawan siminti da rodi da bulo bai kamata ya bambanta ba. Inda kamfani zai iya yin rangwame na halal shi ne a ribarsa, ko kuɗin tafiyar da ofishinsa, ko don yana da injunansa ba haya zai ɗauko ba. Wannan yakan kawo ɗan bambanci. Bambanci mai yawa kuwa, galibi ɗayan abubuwa uku yake nufi: ya manta da wani sashe na aikin, ko ya sa kaya masu ƙarancin inganci a lissafinsa, ko kuma da gangan ya karya farashi domin ya samu shiga, da niyyar ya fanshe ta hanyar neman ƙarin kuɗi a kan kowane ɗan canji bayan ya haƙa harsashi, lokacin da korar sa ta zama asara a gare ku. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar gini wanda ya bi araha yakan biya sau biyu. Duk da haka kada ku yanke masa hukunci ba ku ji ta bakinsa ba. Ku rubuta masa, ku nemi ya yi bayanin yadda ya kai ga farashinsa, domin kamfanin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Bayan farashi, ku duba tarihi. Kowane kamfani zai nuna muku hotunan ginin da ya kammala jiya, fenti na sheƙi. Ku nemi ya kai ku wanda ya miƙa shekara biyar da suka wuce, ku dubi silin ko akwai tabon ruwa, ku dubi kusurwoyin tagogi ko akwai tsaga, ku tambayi masu wurin ko kamfanin ya dawo gyara da aka kira shi. Ku tambayi sunan injiniyan da zai zauna a filin aikinku kullum, ku gan shi ido da ido, domin wanda ya zo neman kwangila da kyakkyawan lafazi sau da yawa ba shi ne zai tsaya a rana ba.

Sai kuma yarjejeniya. Akwai kariya da aka saba sakawa a ciki, kuma ya kamata kwamitinku ya san su. Idan za ku ba da kuɗin kafin alƙalami, ku karɓi takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora daidai adadin kuɗin, a kuma riƙa cire shi kaɗan-kaɗan daga biyan da zai biyo baya. Akwai lamunin cika aiki, wato alƙawarin banki ko kamfanin inshora na biyan ku in ɗan kwangila ya gaza cika aikin, wanda sau da yawa yakan kama kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangila. Biya ya kasance bisa aikin da aka auna aka tabbatar, ba bisa kwanakin da suka shige ba. Akan riƙe wani kaso daga kowane biya, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a saki rabinsa ranar karɓar gini, ragowar kuma bayan wa'adin gyaran kurakurai, wanda yawanci shekara guda ne. A kuma rubuta diyyar da kamfani zai biya a kan kowane kwana ko mako na jinkirin da laifinsa ne. Ba sai kun ƙirƙiri waɗannan sharuɗɗa da kanku ba. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913, tana da tsararrun yarjejeniyoyi da ake amfani da su a ƙasashe da yawa, kuma lauyanku zai iya daidaita irinsu da dokar inda kuke.

Tambaya daga wani mai otal: Shin kamfanin ne zai yi mini zane, ko sai na kawo nawa? Kuma zan iya fara aiki kafin a gama zanen, tunda ina sauri?

Amsa: Duka hanyoyin biyu suna nan. A ta farko, ku ne za ku ɗauki mai zanen gini da injiniyoyi, su kammala zane, sannan kamfanoni su yi takara a kansa, kuma masu zanen su zama idonku a filin aiki. A ta biyu, kamfani ɗaya ne ke ɗaukar zane da gini duka, abin da ke rage lokaci da jayayya, sai dai yana rage muku mai sa ido mai zaman kansa, don haka sai kun ɗauki naku injiniyan. A tsarin FIDIC, littafin yarjejeniyar da ake kira ja na hanyar farko ne, rawaya kuma na ta biyu.

Game da farawa kafin zane ya kammala, ku yi hattara. An fara gina shahararren ɗakin wasannin nan na birnin Sidni a Ostareliya a 1959 alhali ba a warware yadda za a yi rufinsa ba. Ba a buɗe shi ba sai 1973, kuma kuɗinsa ya ninka ƙiyasin farko fiye da sau goma sha huɗu. Kamfanin da ya ce muku ku dakata a gama zanen harsashi da ginshiƙai kafin a sa diga a ƙasa, taimakonku yake yi.

Tambaya daga wani mai karatu: Ana tsakiyar gina mini babban kanti. Na ga akwai ginshiƙi a tsakiyar zauren da ke tare wa masu sayayya hanya, na ce a cire shi, na kuma ce a ƙara hawa ɗaya a sama tunda kuɗi ya samu. Kamfanin ya ƙi, ya ce sai injiniya ya sake lissafi. Ni ne mai gini, ni ne mai kuɗi. Wannan ba raini ba ne?

Amsa: Malam, ba raini ba ne, kuma ina roƙonku da ku riƙe wannan kamfani hannu bibbiyu. Ginshiƙin nan yana ɗauke da wani kaso na nauyin duk abin da ke samansa, yana sauke shi kan harsashin da aka lissafa daidai da shi. In aka cire shi, nauyin ba ya ɓacewa, komawa yake kan ginshiƙan da ke kusa, waɗanda ba a yi su domin hakan ba. Ƙarin hawa kuma ƙarin nauyi ne a kan kowane ginshiƙi da kan ƙasar da ke ƙarƙashin ginin. Mai yiwuwa ne abin da kuke so ya yiwu, ta hanyar ƙarfafa ginshiƙai ko sanya babban ƙarfe da zai ɗauki nauyin, amma injiniyan tsarin gini ne kaɗai zai iya faɗin haka bayan lissafi, sannan hukumar da ta ba da izinin gini ta amince da sabon zanen.

Abin da kuke nema an taɓa neman irinsa, kuma sakamakonsa yana rubuce. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, mai babban kantin Sampoong ya sauya manufar gininsa ana cikin aiki, ya buƙaci a yanke wasu ginshiƙai domin a sanya matakala mai tafiya da lantarki. Kamfanin da ya fara aikin ya ƙi, sai mai kantin ya sallame shi, ya ci gaba da ginin da kamfanin kansa. Daga baya aka ƙara hawa na biyar a kan ginin da aka tsara wa hawa huɗu, aka kuma ɗora manyan injunan sanyaya iska a kan rufin. Ranar 29 ga Yuni, 1995, bayan tsage-tsage sun bayyana ƙarara kuma shugabannin kantin ba su fitar da jama'a ba, ginin ya rufta cikin daƙiƙoƙi, mutum 502 suka rasu, mai kantin kuma ya ƙare a gidan yari. Kamfanin farko ya yi asarar kwangila a ranar da ya ƙi, kuma babu shakka a wancan lokaci an ɗauke shi mai taurin kai.

Ko canjin da ake gani ƙarami ne yana iya yin kisa. A otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a Amurka, an tsara wasu gadoji biyu na masu tafiya a ƙafa, ɗaya a saman ɗaya, su rataya a jikin dogayen sandunan ƙarfe da suka sauko daga rufi suka ratsa su duka. Domin sauƙin haɗawa, aka mayar da kowace sanda gida biyu, ta yadda gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Wannan ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, kuma canjin ya wuce ba tare da an sake lissafi yadda ya kamata ba. Ranar 17 ga Yuli, 1981, gadojin suka faɗo kan taron jama'a, mutum 114 suka mutu.

Shi ya sa kamfanin da ya san darajar kansa ba ya karɓar canji da baki. Kowane canji sai an rubuta shi, injiniya ya duba, an faɗi kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, ku kuma kun sa hannu, sannan a taɓa shi. Kuɗin naku ne, ba wanda ya musa, amma rayukan da za su shiga kantin nan ba mallakinku ba ne, kuma kamfanin yana da haƙƙinsu a kansa kamar yadda yake da naku. Ku ba injiniya lokacin da ya nema.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa: Ni ba injiniya ba ce. Ta yaya zan gane ana yi mini aiki mai inganci, tunda da zarar an yi shafe da fenti komai ya rufu?

Amsa: Hajiya, kun taɓo wurin da ake gane amanar ɗan kwangila, domin mafi muhimmancin aikinsa shi ne wanda ba za a sake gani ba har abada. Shawarata ita ce ku je filin aiki ranar da za a zuba kankaren bene, da ranar da ta gabace ta, tare da injiniyanku.

A ranar farko za ku tarar da rodi a ɗaure a kan katakon da zai tallafi zubin. Injiniya zai bi shi da ma'auni a hannu da zane a ɗaya hannun, yana duba kaurin rodin, da tazarar da ke tsakaninsu, da tsawon da aka ɗora wani kan wani a wurin haɗi. Ku sunkuya ku leƙa ƙarƙashinsa. Ya kamata ku ga 'yan ƙananan tubalan siminti ko na roba da suka ɗaga rodin daga kan katako, domin kankare ya kewaye shi ta ko'ina. In rodin ya kwanta kan katako, bayan 'yan shekaru danshi zai isa gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Kamfanin kirki shi ne zai kira injiniya ya zo ya duba, kuma ba zai zuba ba sai an sa hannu a takardar amincewa. Wanda ya zuba da daddare ko ranar hutu ba tare da sanarwa ba, ku tambaye shi abin da yake gudu a gani.

A ranar zubi, ku lura da ruwa. Kankare mai ruwa da yawa ya fi daɗin aiki, yana malala da kansa, shi ya sa ma'aikaci da ya gaji yakan so ya ƙara masa, amma kowane ƙarin ruwa rage masa ƙarfi yake yi. Akwai gwajin da ake yi nan take: a cika wani mazubin ƙarfe mai kama da mazurari, tsayinsa santimita 30, a ɗaga shi a hankali, a auna yadda kankaren ya zauna. Za ku kuma ga ana ɗibar samfuri ana cika wasu 'yan akwatuna, galibi masu faɗin santimita 15 ta kowane gefe, ana rubuta kwanan wata a jikinsu. Waɗannan za a kai ɗakin gwaji a matse su da inji har su fashe, wasu a kwana 7, wasu a kwana 28, wanda shi ne lokacin da ake auna ko kankare ya kai ƙarfin da aka tsara. Ku nemi ganin sakamakon da idonku. Sannan ku saurari ƙarar injin girgiza da ake tsomawa cikin kankaren domin fitar da iska, kuma a kwanakin da suka biyo baya ku duba ko ana shayar da shi ruwa ko an lulluɓe shi, aƙalla na mako guda, domin in ya bushe da wuri ba zai kai ƙarfinsa ba.

Haka abin yake ga bututun ruwa, waɗanda ya kamata a gwada su da matsi kafin a binne, da wayoyin lantarki kafin a rufe silin. Ku nemi a riƙa ɗaukar hoton kowane aiki kafin a rufe shi, a ajiye tare da littafin da ake rubuta abin da ya faru a filin kowace rana.

Tambaya daga wani mai aikin lantarki: Na yi wa wani babban kamfani aikin wayoyi a wani ginin ofisoshi, na gama tun tuni, amma kullum sai a ce mini mai ginin bai biya su ba. Yarana suna bi na kuɗin aikinsu. Wannan daidai ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba daidai ba ne, kuma wannan ɗabi'a tana cikin manyan abubuwan da ke zubar da mutuncin sana'ar. Yarjejeniyarka da kamfanin ka ƙulla, ba da mai gini ba, kuma ribar da babban ɗan kwangila ke ɗauka wani ɓangare nata ladan ɗaukar irin wannan kasada ne. Wanda ya riƙe ribar ya tura kasadar kan mafi rauni, ya ci amanar matsayinsa. Matsalar ta yi yawa a duniya har wasu ƙasashe suka yi mata doka. A Birtaniya, wata dokar 1996 ta soke ƙarfin sharaɗin nan na cewa ba za a biya ƙaramin ɗan kwangila ba sai an biya babba, in ban da inda mai ginin ya karye, ta kuma ba da damar kai ƙara gaban mai sasantawa da zai yanke hukunci cikin ɗan gajeren lokaci. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka kai wa lauya takardar yarjejeniyarka, da takardar da ke nuna an duba aikinka an karɓa, ka kuma rubuta wa kamfanin takardar neman biya mai kwanan wata. Nan gaba kada ka fara aiki ba tare da rubutaccen sharaɗin lokacin biya ba.

Masu gini ma su ji wannan, domin ya shafe su. Ƙaramin ɗan kwangilar da ba a biya ba yakan janye ƙwararrun yaransa zuwa wani aiki, ko ya sayi waya mai araha domin ya rage asara, kuma ginin ku ne zai ɗauki sakamakon. Kafin ku ba kamfani aiki, ku tambayi waɗanda suka taɓa yi masa aiki da masu sayar masa da kaya yadda yake biya. Ku kuma ku biya a kan lokaci, domin adalci ba a kan kamfani kaɗai ya wajaba ba.

Tambaya daga wani matashin injiniya: Na fara aiki da wani kamfani. Muna bayan jadawali, kuma shugaban filin yana cewa kayan kariya da shingen bakin bene suna ɓata lokaci, a bari sai masu duba aiki za su zo. Kuma ya hana ni sanar da mai gini cewa za mu makara. Me ya kamata in yi?

Amsa: Ɗana, abubuwa biyun da ka kawo tushensu ɗaya, wato ɓoye gaskiya har sai ta bayyana da kanta, kuma a filin gini takan bayyana ne da jini ko da shari'a. Faɗowa daga sama yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini. Shi ya sa a Amurka dokar hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta wajabta kariya daga faɗuwa ga mai aikin gini tun daga tsayin ƙafa 6, da kuma tokare ko kwantar da gefen rami mai zurfin ƙafa 5 zuwa sama, domin mita ɗaya ta ƙasa, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta ya haura tan guda, kuma wanda ta rufta wa ba ya iya ko numfashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 167 a 1988 a kan tsaro da lafiya a wuraren gini, wadda ta ɗora wa babban ɗan kwangila nauyin daidaita matakan tsaro idan kamfanoni da yawa suna aiki a fili guda. Ma'anar wannan ita ce leburan da ƙaramin ɗan kwangila ya ɗauko jiya, wanda ba ka ma san sunansa ba, hular kwanonsa da shingen da ke bayansa suna wuyan kamfaninku. Lissafin shugabanka ma bai fita ba ko ta fuskar lokaci, domin haɗari ɗaya yakan tsayar da aiki na kwanaki fiye da waɗanda aka yi tattali.

Abin da za ka yi shi ne ka rubuta. Ka shigar da abin da ka gani a littafin filin aiki da kwanan wata, ka sanar da shugabanka a rubuce cikin ladabi, in bai ɗauki mataki ba ka kai wa jami'in tsaron kamfanin ko wanda ke sama da shi. Inda ka ga rai na cikin haɗari nan take, ka sauko da mutumin, a yi maganar daga baya.

Batun jinkiri kuwa, ɓoye shi cutar kamfanin kansa ne. A yarjejeniyoyin FIDIC, ɗan kwangilar da ke neman ƙarin lokaci ko kuɗi saboda wani abin da ba laifinsa ba dole ya ba da sanarwa cikin kwana 28 daga ranar da ya san da abin, in ya wuce haka yana iya rasa haƙƙinsa. In kuma laifin naku ne, mai ginin da aka sanar da wuri zai iya ɗaga ranar shigar masu hayarsa, ya tattauna da bankinsa, ku zauna tare ku sake jadawali, ko a ƙara ma'aikata a ayyukan da ke riƙe da sauran. Ba kai ne za ka tsallake shugabanninka ka je wurin mai gini ba, amma rahoton ci gaban aiki da za ka sa wa hannu, ka rubuta adadin da aka yi na haƙiƙa, kuma ka ajiye kwafinsa a wurinka.